Sauron da Auta Ya Kawo Gida

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Gwaggo mai ɗawainiya da kai. Ya tarin? Ina fatan shan maganin kake yi, ba tura shi ƙarƙashin filo ba kamar yadda aka kawo mini ƙara. Mu nan lafiya lau. Jikokinka suna gaishe ka, babansu kuma yana can kan hanya da babbar motarsa, sai ƙarshen wata.

Na kira ka a waya har na gaji, ina ihu kana tambayar wa ke magana, maƙwabta suna jin sirrina kai ba ka ji. Tunda kunnenka ya yi ritaya ya bar idonka a bakin aiki, na koma wa biro da takarda. Ƙarar ɗanka na kawo maka.

Ka san aikin Auta a cibiyar binciken nan ta gwamnati, wanda kullum nake tsokanarsa da cewa mutane na kiwon kaji shi yana kiwon sauro. To abin da muke yi wa dariya ya zama tashin hankali. Ɗan takarar 'yan adawa, mai ƙaton gilashin nan, ya tara mutane a filin ƙwallo ya ce gwamnati ta ware kuɗi a kasafin bana tana ciyar da sauro a ɗaki mai sanyi, alhali asibitin gari ko allura babu. Rabin maganarsa gaskiya ce, Baba, asibitin fanko ne, ni shaida ce. Maimakon gwamnati ta fito ta yi wa jama'a bayani, sai kakakinta ya shiga rediyo ya rantse babu wani sauro da ake kiwo, sharrin 'yan adawa ne. Ko bai san abin da ake yi a cibiyar ba ne, ko ya sani ya ji kunya, oho. Cikin makon aka tsayar musu da man janareta don a wanke kai.

Sai matasa suka taso daga filin ƙwallon suka nufi cibiyar. Auta ya ce yana cikin wanke tire ya ji dutse ya tarwatsa tagar da ke bayansa. Suka ɓalle ƙofar waje, suka kama maigadi, dattijo sa'anka, suka ƙwace sandarsa suka fasa masa kai da ita. Suka banka wa motar Farfesa wuta, matar nan shugabar cibiyar. 'Yan sanda suka iso suka fara da barkonon tsohuwa, suka ƙare da harsashi. Wani mai sayar da ruwa da bai san hawa ba bai san sauka ba, a ciki aka same shi, a gaban idon Auta ya kife kan robarsa.

Duk mai hankali a ranar ransa ya ɗauka ya gudu. Ɗanka kejin sauro ya ɗauka. Ina shagon ɗinki na gan shi ya sauko daga babur, rigarsa duk jinin maigadi, rungume da keji biyu ya lulluɓe su da farar rigar aiki. Ya shige da su ɗakinsa na jikin shagona, ya koma ya kwaso tire-tiren tsutsa ya jera a ƙarƙashin gado.

Na balbale shi da faɗa, ya zaunar da ni yana yi mini karatu. Wai waɗannan tun kakannin kakanninsu a keji aka ƙyanƙyashe su, ba su taɓa cizon mai zazzaɓi ba, don haka bakinsu babu cuta. Da su ake gwada gidan sauron da gwamnati ke saye ta raba wa mata masu ciki, a ga ko maganin da ke jikinsa yana kisa ko yaudara ce. Tun kafin a ɗauke shi aiki ake riƙe da zuriyar, wannan ya miƙa wa wancan, kuma ba zai yarda ta ƙare a hannunsa ba. A cibiyar suna da na'urar da ke ɗumama jini a ba su. Nan babu ita, sai ya maye gurbinta da jikinsa. Na shiga kai masa abinci na tarar ya zura hannu cikin kejin har gwiwa, sun rufe shi baƙi ƙirin, yana ce mini in yi a hankali matan sauron suna cin abinci. Wallahi Baba kamar in kwaɗa masa kwanon.

Abin da ya fi tayar mini da hankali bakinsa ne. Ka san shi, abu ba ya kwana a cikinsa. Ƙofar keji ɗaya ta lanƙwashe, ya kai wa Mai Walda na tsallaken titi ya gyara, ya tsaya ya zayyane masa komai daga ƙwai har fiffike, yaran shago suna saurare. Gwamnati ta rantse babu sauro, ga sauro a gidana. Na ce ya fesa musu magani mu huta, ya kalle ni kamar na ce ya yanka jikanka.

Ni na yi iya yina. Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka rubuto masa da hannunka, ka ce ya fitar da abin nan daga gidan tun mutanen unguwa ba su yi mana wani kallo ba. Ina jin tsoro, Baba, kuma ka san ni ba matsoraciya ba ce.

A gaida Gwaggo da kyau. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Tela

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo, da fatan jikinka da sauƙi. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan bencin asibiti nake, kuma hannuna na hagu a naɗe yake, ba abin da zai danne mini takardar. Ka zauna kafin ka ci gaba. Auta na da rai, amma an ji masa ciwo ƙwarai.

Takardarka ta iso, ya karanta ya ce ya ji ya ɗauka. Farfesa ta yi masa alkawarin turo mota a kai kejin wata jami'a, motar yake jira. Ba ta zo ba, don ma'aikatar lafiya ta hana kowa taɓa abin da ya shafi cibiyar sai bayan zaɓe.

Ana cikin haka 'yar Mai Walda ta kwanta. Ka tuna ta, 'yar ƙaramar nan da muke kira Sarauniya saboda tafiyarta, ni na ɗinka mata kayan makaranta. Zazzaɓi ne mai zafi. Auta da kansa ya saɓa ta a kafaɗa ya kai ta asibiti da ta fara suma. Aka ce tana buƙatar allura da ƙarin jini, babu ko ɗaya. Kafin uban ya zagaya gari ya samo, yarinya ta cika. Auta ya je gaisuwa, ya yi sallama, mazan da ke zaune ba wanda ya amsa. Ya dawo yana ce mini baƙin ciki ne ya rufe musu baki. Ni kuwa ban yarda da hakan ba, don na ji an ce hoton kejinsa yana yawo a wayoyin mutane, wani ya ɗauka ta taga.

Yau da hantsi ina kan keke na jiyo hayaniya daga bakin titi. Na leƙa na ga mutane sun cika layin. Na gaba-gaban yaran jam'iyyar adawa ne, ba 'yan unguwarmu ba, da gora da adda. Amma na bayansu duk na san su, Baba. Akwai wanda na ɗinka wa matarsa kayan haihuwa, akwai wanda Auta ya koya wa lissafi har ya ci jarrabawa. Mai Walda na tsakiyarsu da guntun rodi a hannu, idonsa jawur, ga alama ko ruwa bai sa a cikinsa ba tun da ya binne 'yarsa. Cewa suke Auta ne ke sakin sauron gwamnati a unguwa, shi ya kashe Sarauniya.

Na tura yara gidan tsohuwar malamar da ke bayanmu, na danna wa ƙofa sakata, na ce wa Auta ya haura katanga ya bi su. Da ya ji maganata da yanzu yana gabanka yana shan faɗa. Sai ya ce ba komai ba ne, rashin sani ne, kuma ya san maganinsa. Wai a cibiyar in baƙi suka zo suna ɗari-ɗari, ɗaliban makaranta ne ko 'yan majalisa, haka suke yi: a fito da keji a gabansu, ma'aikaci ya zura hannunsa ciki, kowa ya ga ba abin da ya same shi, sai tsoro ya koma dariya. Ya ce bai taɓa ganin wanda wannan bai kwantar wa da hankali ba. Har farar rigar aikinsa ya saka, don a san ma'aikaci ne ke magana. Na riƙe rigar ina magiya, na haɗa shi da Allah na haɗa shi da kai, ya ɓamɓare yatsuna ya ce, “Yaya, mutanenmu ne fa.” Ya zare sakatar ya fita rungume da kejin.

Ya hau dakalin ƙofar gida ya yi musu sallama. Aka yi tsit, har na fara cewa ko ni ce mai baƙin zato. Ya ce su duba, ragar a rufe take ruf, ko ɗaya bai taɓa fita ba. Ya naɗe hannun riga ya zura hannunsa ciki. Suka yi masa caa. Yana murmushi yana ɗaga kejin sama don na baya su gani.

Abin da mutane suka gani shi ne mutum cikin farar riga yana ba wa sauro jininsa da rana tsaka. Wata mata ta ƙwalla ƙara ta ce ga shi nan da kansa ya nuna. Dutsen farko a gira ya same shi, jini ya rufe masa ido. Bai ma saki kejin ba, ƙoƙarin kare shi yake da ƙirjinsa. Wani yaron jam'iyya ya kai wa ragar sara da adda, ya haɗa da yatsun Auta. Keji ya faɗi ya dare, sauron suka tashi duu a kan mutane. Nan wuri ya hargitse. Maza na marin wuyansu, mata na rufe kan 'ya'yansu da mayafi suna ihu, ana tattake juna. Da tsoron ya sake su, sai ya koma kan ɗanka.

Suka finciko shi daga dakalin suka yi masa rubdugu. Gora a baya, takalmi a ciki, wani da bulo yake dukansa. Ina jin yana cewa su tsaya ya yi musu bayani, har bakinsa ya cika da jini maganar ta daina fita. Mai Walda ya ratsa mutane ya zo ya tsaya a kansa. Auta ya ɗago ya gan shi, ya miƙa masa hannu, ina jin ya ɗauka ceto ne ya zo. Ya sauke masa rodin a kai. Ƙarar nan tana kunnena har yanzu.

Ban san lokacin da na faɗa kansa ba. Na rufe kansa da jikina, duka ya koma kaina, nan aka karya mini hannu. Suka ja ni ta ɗankwali da gashi suka watsar a kwata. Ina kwance na ga an mirgino taya, wani ya zuƙo fetur daga tankin babur a cikin gorar ruwa. Na yi ihu har muryata ta dushe, na kira su da sunayen iyayensu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya waiwayo.

Allah ya jefo mana Mahauci, wanda kullum muke rigima da shi a kan ruwan wankin naman da yake zubarwa a ƙofata. Ya taho a guje da wuƙar fawa a hannu, ya raba ƙafa a kan Auta, ya rantse duk wanda ya ƙyasta ashana sai ya farke cikinsa, in ya so a haɗa su biyun a ƙone. Sun san shi ba ya rantsuwar banza. Suka ja baya, suka huce a kan ɗakin Auta, suka watsa fetur ɗin ciki. Wutar ta cinye ɗayan kejin da littattafansa, ta tsallaka shagona ta lashe keke da kayan mutane. Sai da rufi ya rufta sannan 'yan sanda suka iso suna harbi sama, mutane suka watse suka bar takalma.

A baron nama muka kawo shi asibiti, ni da Mahauci. Likitan yaro ne mai kirki, ya ɗinke abin da zai ɗinku, ya ce ƙashin kai ya fashe kuma yana zargin jini na taruwa a ciki. An ɗebi nawa an ƙara masa. Yana numfashi, amma bai buɗe ido ba.

Baba, ka taho. Duk motar da ka fara samu ka hau, kada ka tsaya haɗa kaya. Ina ganin in ya ji hannunka a goshinsa zai farka, ko don kunyar faɗan da za ka yi masa. Ni kaɗai ce a nan, waya ta ƙone, baban yara bai ma sani ba. Ka yi masa addu'a a hanya.

'Yarka,
Tela

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga mahaifinta, da fatan kai da Gwaggo kun tashi lafiya. Direban da na ba wa takardar shekaranjiya bai tashi ba, don an sa dokar hana fita an rufe hanyoyin gari. Yau aka buɗe, zai haɗa maka biyun. Na roƙe shi ya tsaya a kanka har ka karanta wannan, kuma ya kira Gwaggo ta zauna kusa da kai.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi Auta jiya bayan la'asar.

Zan gaya maka yadda aka yi, don na san in na ɓoye sai ka tambaya. Likitan ya ce sai an ɗauki hoton kansa a san inda jinin yake kafin a yi aiki. Akwai na'urar a asibitin, wadda aka yi taron buɗewa bara har da 'yan jarida, amma tana nan cikin ledarta, ba a taɓa ja mata wuta ba. Likitan ya rubuta mana takardar zuwa babban asibiti. Motar asibiti babu mai. Mahauci ya samo man, sojojin da ke bakin gada suka ce ba mai wucewa sai da izini daga sama. Na durƙusa a kan kwalta ina nuna musu shi, ɗaya ya ɗaga mini gindin bindiga. Muka juyo da shi muka mayar kan gadon da muka ɗauko shi.

Sau ɗaya ya buɗe ido. Ya gane ni. Bai tambayi keji ba, bai tambayi waɗanda suka doke shi ba, cewa kawai ya yi, “Yaya, sosa mini hannu.” Hannun duk tabon cizo ne, ga ɗinki a yatsun. Na yi ta sosa masa a hankali ina yi masa kalmar shahada, leɓensa na motsi. Ina cikin sosawar nas ta dafa kafaɗata ta ce in bari haka nan.

A rediyon mai gadin asibiti na ji kakakin gwamnati yana cewa mamacin ba da izinin kowa ya yi abin da ya yi ba, kayan gwamnati ya sace ya kai gida. Kayan da ya rantse babu su. Mai ƙaton gilashi kuma ya yi Allah wadai da ɗaukar doka a hannu, ya ce a fito a zaɓe shi don kada a sake. Ban taɓa yi wa ɗan Adam mugun baki ba, Baba, amma jiya na yi, kuma ban janye ba.

Mai Walda ne na rasa inda zan ajiye shi a zuciyata. An ce tun ranar bai buɗe shago ba, yana ɗaki yana kuka kamar ƙaramin yaro. In na tuna rodin sai in ji ba zan taɓa yafe masa ba. In na tuna Sarauniya a kafaɗar Auta sai jikina ya mutu, don asibitin da ya kasa 'yarsa shi ya kasa ƙanena. 'Yan sanda sun ce in je in faɗi waɗanda na gani. Zan je, kuma ba zan tsallake kowa ba.

Ba mu jira ka ba, ka yafe mini. Ba inda za a ajiye shi, ɗakin gawa ma babu wuta. Yau da safe aka kai shi. Mahauci ne ya tsaya a kan komai, da dattijon maigadin nan da bandeji a kansa. Farfesa ta zo duk da an hana su, ta rungume ni. Daga unguwarmu mutum kaɗan ne suka fito, sauran suna leƙe ta taga. Ni da yara muna gidan tsohuwar malamar, can za ka same mu.

Waccan takardar ta ce ka hau duk motar da ka fara samu. Kada ka bi ta tata. Motar asuba gudu take yi, kuma cusa mutane ake kamar buhu. Ka karya, ka sha maganinka, ka jira ta hantsi, ka ce a ba ka gaba. Ka taho a hankali, Baba, yanzu babu abin da za ka makara a kansa.

Allah ya jiƙansa, ya ba ka haƙuri, ya ba ni.

'Yarka da ta rage maka,
Tela